Sharhi: Idan ƙararrawar gida ta yi shiru, lafiya ce ko ɓarawo ne ya rufe mata baki?

A watan Fabrairun 2024 ƴan sandan Edina, wani gari na masu hali da ke gefen birnin Minneapolis a jihar Minnesota ta Amurka, suka sanar cewa an fasa gidaje tara cikin wata shida, kuma duk salon guda ne. Ɓarayin sai sun tabbatar babu kowa a gida, su shiga, su kwashe gwala-gwalai da akwatunan ajiyar kuɗi, su fita. Abin da ya ɗaure wa masu gidajen kai shi ne suna da kamara, suna da ƙararrawa, amma babu wadda ta ce uffan. Ƴan sanda suka ce suna zargin ɓarayin na zuwa ne da na'urar toshe sigina, wadda masu Faransanci ke kira brouilleur.

Wata guda bayan haka ƴan sandan Los Angeles suka fitar da irin wannan gargaɗi, har suka shawarci mutane su ja wa ƙararrawarsu waya maimakon dogara da Wi-Fi. A ƙarshen 2024, bayan an fasa gidajen fitattun ƴan wasa irin su Patrick Mahomes da Travis Kelce da Joe Burrow, hukumar FBI ta gargaɗi ƙungiyoyin wasanni, kuma na'urar toshe Wi-Fi na cikin dabarun ɓarayin da ta lissafa. Zuwa watan Yunin 2025 ma'aikatar tsaron cikin gidan Amurka ta ce irin waɗannan na'urori da jami'an kwastan ke kamawa sun ƙaru da kusan kashi 830 cikin ɗari tun daga 2021.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da ɓarayin Minnesota? Ruwanmu shi ne kayan. Ƙananan kamarorin da ake liƙawa a bango a haɗa su da salula, da ƴan na'urorin da ake mannawa a ƙofa su yi ƙara idan an buɗe, yanzu ana samun su a shagunan kayan lantarki na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Masu kanti, masu sayar da salula, masu wuraren aika kuɗi da ƴan kasuwar da ke yawan tafiya suna sayensu. Hanyar da suke aiki iri ɗaya ce da ta waɗancan na Amurka, raunin ma iri ɗaya ne. Kuma akwai wani dalili da ya sa raunin ya fi haɗari a nan, wanda za mu zo gare shi.

Yadda ake rufe mata baki

Duk mai sauraron rediyo ya san abin da ke faruwa idan tashoshi biyu suka hau mita guda: mai ƙarfin ita ake ji, ƙaramar ta ɓace. To ƙararrawa marar waya ƙaramar tashar rediyo ce. Ƴar na'urar da ke jikin ƙofa tana da batir ɗan mitsitsi, idan an buɗe ƙofa sai ta aika saƙo ta iska zuwa babban akwatin da ke cikin gida. Yawancinsu suna magana ne a kan mita 433 ko 868 megahaz. Kamara kuwa tana bi ta Wi-Fi, a kan 2.4 ko 5 gigahaz. Shi kuma babban akwatin, idan zai kira mai gida, sai ya bi ta intanet ko ta layin salula.

Na'urar toshe sigina ba ta da wata dabara ta a zo a gani. Hayaniya kawai take yi a kan mitar, da ƙarfin da ya fi na ƴar na'urar ƙofa. Kamar mutum ne yana raɗa maka magana a kunne a gidan biki, sai makaɗa suka buɗe lasifika. Ya faɗi maganarsa, amma ba ka ji ba. Ba sai ɓarawo ya san lambar sirrinka ba, ba sai ya iya kwamfuta ba. Ko da kamfani ya rubuta a kwali cewa saƙonsa a ɓoye yake, ba wanda zai iya karantawa, wannan ba ya hana toshewa, domin ɓarawon ba karantawa ya zo yi ba, hana saƙon isa ya zo yi.

Ba yau aka san da wannan ba. Tun 2014 wani mai bincike Ba'amurke, Logan Lamb, ya nuna cewa ƙararrawar wasu manyan kamfanonin tsaron gida a Amurka ana iya danne siginarsu ko a sa su kuka na ƙarya. A 2019 wani mai bidiyo a YouTube da ake kira LockPickingLawyer ya ɗauki wani ɗan rimot na dala biyu ya danne siginar na'urar ƙofa ta kamfanin SimpliSafe, saboda su biyun suna kan mita 433. Kamfanin ya mayar da martani cewa kayansa suna gane katsalandan su sanar da mai gida, kuma abin da aka yi a bidiyo da wuya ya yiwu haka a gidan gaske. Ko ma wa ke da gaskiya, muhawarar ta kai mutane ga tambayar da ta dace: idan an toshe ta, ta san an toshe ta?

Akwai kuma wata hanya ta biyu da ta shafi kamarar Wi-Fi kaɗai. Maimakon hayaniya, sai a riƙa aika wa kamarar saƙon ƙarya, kamar daga akwatin Wi-Fi na gidan ya fito, ana ce mata ta sauka daga layi. Ita kuma ta yi biyayya. Wannan kam yana da magani, domin tsarin tsaro na WPA3 da ya fito a 2018 ya wajabta kariya daga irin wannan saƙo. Matsalar ita ce da yawa daga kamarori masu araha har yanzu tsohon tsari suke bi.

Inda matsalar ta fi tsanani a wurinmu

Ga inda zancen ya zo gida. Ba'amurken da kamararsa ta sauka daga layi da ƙarfe biyun dare, zai yi mamaki, domin ba kasafai hakan ke faruwa ba. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya duba salularsa ya ga an rubuta kamara ba ta kan layi, me zai ce? Zai ce Nigelec ta ɗauke wuta. Ko rezo ne ba kyau. Ko forfe ya ƙare. Ya juya ya ci gaba da barcinsa, kuma sau tara cikin goma yana da gaskiya.

Mun saba da yankewa. Daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, kowa ya ga yadda unguwanni suka riƙa kwana cikin duhu. A watan Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, intanet na salula ya tsaya kusan kwana goma. A watan Satumba na wannan shekarar hukumomin Najeriya suka rufe layukan salula a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, har da Jibiya da ke bakin iyakarmu. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, zafin Afrilu da Mayu kaɗai ya isa ya kashe batir kafin lokacinsa.

Ma'ana, shirun na'ura a wurinmu ba labari ba ne. Kuma na'urar toshe sigina ba abin da take sayar wa ɓarawo sai shiru. Wanda ya zo da ita a nan zai ɓuya ne cikin abin da muka riga muka saba da shi. Kai, ɓarawon da ya san unguwa ma ba ya bukatarta: ya jira a ɗauke wuta, akwatin Wi-Fi ya mutu, kamarar da aka kashe wa kuɗi ta zama ado a bango. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai sayi irin waɗannan kaya, kada ya tsaya tambayar ko ana iya toshe su. Ana iya toshe duk abin da ke bi ta iska. Ya tambayi abin da suke yi idan magana ta yanke, ko ma mene ne ya yanke ta.

Turawa sun daɗe da sa wa wannan ma'auni. Ƙa'idar ƙararrawa ta Turai mai lamba EN 50131 ta raba kaya mataki huɗu, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke bambanta su shi ne tsawon lokacin da babban akwati zai iya yi bai ji ɗuriyar na'urar ƙofa ba kafin ya ce akwai matsala. A mataki na ɗaya awa huɗu ne. A na biyu awa biyu. A na uku daƙiƙa 100, a na huɗu daƙiƙa 10. Ku duba tazarar da ke tsakani. Awa biyu ta isa a kwashe kanti har da kantocin, a share ƙasa. Kuma wannan fa kayan da suka ci jarrabawa ke nan. Da yawa daga na kwali masu araha babu wata lamba a jikinsu, na'urar ƙofa ba ta magana sai an buɗe ƙofa, don haka ko an cire ta an jefa a rijiya babban akwatin bai sani ba.

Kaya masu kyau suna yin abu biyu. Na farko, akwati da na'urorin suna gaisawa a kai a kai, idan gaisuwa ta yanke a sanar. Na biyu, akwatin yana sauraron iska, idan ya ji hayaniyar da ta wuce ƙima ta daɗe a kan mitarsa, sai ya ɗauka hari ne. Wasu suna tsalle daga mita zuwa mita don kauce wa hayaniyar, wanda yana taimakawa a kan ƙananan na'urori, amma ba ya tsare wadda ta cika mitocin gaba ɗaya. Sai dai a lura, a kaya da yawa wannan sashe na gane katsalandan a kashe yake zuwa, ko kuma mai sakawa ya kashe shi da kansa don kada mai gida ya dame shi da kira duk lokacin da ta yi kukan banza. Sai an tambaya.

Kuma ko ta gane an toshe ta, wa za ta gaya wa? Idan ɓarawo ya danne Wi-Fi da layin salula a lokaci guda, saƙon ba zai fita daga gidan ba. Hanya biyu ce ta rage. Ko dai akwai waya da ta fita da saƙon, ko kuma can a wajen kamfanin akwai kwamfutar da ke jiran gaisuwar akwatin, idan ta ji shiru ita ce za ta aiko wa mai gida sanarwa. Wannan na biyun shi ne amfanin sanarwar nan ta “ba ta kan layi” da muke rainawa.

Waya, jiniya da maƙwabci

Shawarar ƴan sandan Los Angeles ita ce mafi sauƙi kuma mafi ƙarfi: a ja waya. Saƙon da ke bi ta cikin waya, hayaniyar iska ba ta hana shi isa. Akwai kamarorin da kebul guda ke kai musu wuta ya kuma ɗauko hoto, yana iya kai mita 100, hoton kuma ya sauka a akwatin naɗi a cikin gida ko da babu intanet kwata-kwata. Gaskiya ne ya fi tsada, sai an fasa bango ko an bi da bututu, kuma ɗan haya ba lalle mai gida ya yarda ba. Amma ba dole ne a ja wa ko'ina ba. Babbar ƙofa, ƙofar ɗakin ajiya da kamarar da ke kallon mashiga, waɗannan uku idan suna kan waya, sauran ko sun bi iska da sauƙi. Mai gini kuwa da bai yi filasta ba tukuna, yanzu ne lokacin da bututun ba zai ci masa komai ba. A dai binne wayar ko a sa ta cikin ƙarfe, domin wadda ke lilo a waje almakashi ya ishe ta.

Wanda ya riga ya sayi kamarar Wi-Fi, kada ya zubar. Ya duba ko tana da wurin sa katin memori, ya sa mata, ya tabbatar tana naɗi a kai ko da rezo ya tafi. Ba za ta kira shi ba a lokacin, amma gobe akwai fuskar da za a kai wa ƴan sanda ko jandarma. Ya ɗaga ta sama inda hannu ba ya kai, don wanda ya san da katin zai tafi da kamarar ne gaba ɗaya. Haka akwatin naɗi, kada a ajiye shi a kan tebur kusa da talabijin, inda ɓarawo zai haɗa shi da sauran kaya.

Sai wuta. Akwatin Wi-Fi, akwatin naɗi da babban akwatin ƙararrawa duk su kasance a kan batirin ajiya ko sola, kuma a gwada: a kashe kan wutar gidan da gangan a ga awa nawa suke ɗauka. Batirin da ya yi shekara biyu a ɗaki mai rufin kwano ba shi ne wanda aka saya ba. Idan akwatin yana karɓar layi biyu, a sa masa na kamfanoni daban, misali Airtel da Moov, ko Zamani da Niger Telecoms. Wannan ba zai hana babbar na'urar toshewa ba, amma zai rage yawan yankewar banza, kuma idan yankewar banza ta ragu, mutum zai fara ɗaukar sanarwa da muhimmanci. Nan ne ribar take.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne jiniya. A Amurka da Turai ƙararrawa tana kiran wata cibiya da ke da ma'aikata dare da rana, su kuma su kira ƴan sanda. Mafi yawan masu saye a nan, saƙon salularsu kawai yake zuwa. To idan kana Yamai kanti yana Tawa, ko kana aikin Hajji, ko salular tana caji a ɗaya ɗakin, saƙon ya zo ya same ka ina? Jiniya mai ƙarfi da aka ja wa waya, mai batirinta a ciki, wadda ke kuka idan an yanke wayar ko an ga katsalandan, ba ta bukatar rezo. Kunnen unguwa take nema. Mu kuwa abin da muke da shi wanda mai gidan Edina ba shi da shi ke nan: maƙwabta da ke kwana a tsakar gida lokacin zafi, samarin fada da ke shan shayi a bakin titi har tsakar dare, mai gadin kasuwa, kare. Sai dai a gaya musu tun da wuri abin da kukan ke nufi da wanda za su kira, kuma kada a bari ta riƙa kukan ƙarya kullum, don ranar da ta yi na gaskiya babu mai leƙowa.

Af, masu babura da motocin da aka sa wa na'urar bin sawu, zancen ya shafe ku. Ita ma da siginar tauraron ɗan adam da layin salula take aiki, kuma ana danne su. Idan manhajar tana da wurin kunna sanarwar yankewar sigina, a kunna.

Ina doka take?

A ƙasashe da yawa mallakar wannan na'ura laifi ne, ba don ɓarayi kaɗai ba. A Faransa shigo da ita, sayarwa, riƙewa ko amfani da ita na iya jawo ɗaurin wata shida da tarar Yuro 30,000, wato sama da sefa miliyan 19 da rabi. A farkon 2022 hukumar kula da mitoci ta ƙasar, ANFR, ta ba da labarin wani magidanci a garin Messanges da ya sayi na'urar don ya hana ƴaƴansa shiga intanet da dare. Ashe kullum daga sha biyu zuwa ƙarfe uku na dare yana yanke wa mutanen garin layi ne bai sani ba, sai da aka bi sawun siginar har ƙofar gidansa. A Amurka hukumar FCC ta ci wani kamfanin China, C.T.S. Technology, tarar dala miliyan 34.9 a 2016 saboda tallata su ga Amurkawa.

Labarin Messanges ya nuna abin da ya sa ake tsanantawa. Na'urar ba ta san iyakar gida ba. Wanda ya kunna ta don ya fasa kanti guda, a wannan lokacin ya hana mai naƙuda a gidan da ke kusa kiran mai mota, ya hana wanda gobara ta kama kiran ƴan kwana-kwana. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da mitocin sadarwa, kayan da ke shigowa kuma ta hannun kwastan suke bi. Ganin cewa kamarorin da na'urorin toshe su duk a shafukan saye na intanet iri ɗaya ake tallarsu, ya kamata hukumomin biyu su fito su yi wa jama'a da ƴan kasuwa bayani a sarari, da Hausa da Zabarmanci, tun abin bai zama yayi ba. Su ma ƴan sanda da jandarma, idan an kawo ƙarar fasa shago, tambaya guda za ta taimaka: a daren, maƙwabta sun lura rezo ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo? Idan amsoshin suka taru, za a san ko abin ya iso.

Kada kuma a firgita fiye da kima. Har a Amurkar, yawancin ɓarayi da ƙarfen ɓanɓare ƙofa suke zuwa, ko su sami taga a buɗe. Masu na'urar toshewa ƙungiyoyi ne da ke zaɓar gida, su yi kwanaki suna lura da shi. A wurinmu wanda ya fi sanin inda kamara take da inda ba ta gani, sau da yawa na kusa ne: yaron shago da aka sallama, ko wanda ya saka kayan ya tafi da lambar sirri a salularsa. Ranar da mai sakawa ya gama aiki, a canja lambar a gabansa, a cire sunansa daga manhajar.

Kafin a biya shi kuma, a yi gwaji guda wanda ba ya bukatar wata na'ura. A kunna ƙararrawar, a cire batirin na'urar ƙofa, a duba agogo a ga minti nawa za a yi kafin salula ta yi magana. Sannan a zare wayar akwatin Wi-Fi, a buɗe ƙofa, a ji ko jiniya za ta yi kuka, a duba ko kamara ta naɗi wanda ya shiga. Idan an yi awa guda babu abin da ya motsa, a mayar masa da kwalinsa.